Kafin Jiniya Ta Yi Kuka: Yadda Unguwa a Tsibiri Za Ta Shirya wa Wutar Daji

Tun bayan gobarar Lahaina, wani gari a tsibirin Maui, nake shan tambaya iri ɗaya daga masu karatu, musamman masu 'yan'uwa a tsibiran Hawayi: to, me mutum zai yi? Tambayar tana da dalili. Hawayi jiha ce ta Amurka mai jiniya sama da 400 a kan turaku, 80 daga ciki a gundumar Maui, amma ranar gobarar, 8 ga Agusta 2023, ko ɗaya ba ta yi kuka ba. Lantarki ya ɗauke tun da safe, sabis ɗin waya ya bi bayansa, iska tana bugawa da gudun kusan kilomita 100 a awa. Mutum 102 suka rasu, gine-gine sama da 2,200 suka ƙone ko suka lalace. Da yawa daga cikin waɗanda suka tsira, hayaƙi ne ya sanar da su, ko maƙwabcin da ya zo yana dukan ƙofa.

Don haka abin da zan shimfiɗa a nan shiri ne da zai yi aiki ko da na hukuma ya gaza. Ku bi matakan a jere, domin kowanne a kan na bayansa yake tsaye.

1. Ku san ɓangaren tsibirin da kuke

Jama'a na ɗauka tsibiri mai zafi da damina ba ya ƙonewa. Kuskure ne babba. A Hawayi iskar da ta saba kaɗawa daga arewa maso gabas take zuwa, ta zubar da ruwanta a fuskar dutsen da ta fara tararwa, ta gangaro ɗaya ɓangaren a bushe. Lahaina a wannan busasshen ɓangaren take. In gidanku na bayan dutse, ku ne kan gaba a haɗari, musamman daga wajen Mayu zuwa Oktoba.

Ku fita da ƙafa ku duba abin da ke saman unguwarku, ta inda iska ke gangarowa. Gonakin rake da abarba da aka daina nomawa yanzu ciyawar da aka shigo da ita daga waje ce ta cinye su, irin su ciyawar Gini. Da ruwa ya sauka sai ta yi tsawon da ya fi mutum, da rani ya shigo ta zama karmami. Ku rubuta sunan mai kowane fili da aka bari ya yi duhuwa, za a buƙace shi a mataki na 3.

2. Ku buɗe duk ƙofofin da gargaɗi ke shigowa

Ƙofofin huɗu ne, kuma kowace tana da ranar da take ƙin buɗuwa.

Ta farko waya. A Amurka hukuma na iya tura saƙon gaggawa kai tsaye zuwa duk wayar da ke wani yanki, da ƙara ta daban, ba sai an yi rajista ba. Ku shiga saitin kowace waya a gidan ku tabbatar ba a kashe shi ba. Mutane da yawa sun kashe nasu, wasu tun bayan saƙon kuskure na harin makami mai linzami da aka tura ranar 13 ga Janairu 2018, wanda aka ɗauki minti 38 kafin a janye. Na fahimci haushinsu, amma a kunna.

Ta biyu saƙonnin gunduma. Waɗannan sai an yi rajista, kyauta ne, ta shafin hukumar agajin gaggawa ta gundumarku. Ku sa adireshin gida, da na wurin aiki, da na makarantar yara, da na gidan tsoho ko tsohuwar da kuke kula da su. Inda aka raba gari shiyya-shiyya don kwashe mutane, ku rubuta sunan shiyyarku da babban baƙi ku manna a jikin firji.

Gargaɗi: waɗannan biyun duka da hasumiyar sabis suka dogara. Ta ƙone ko batirinta ya ƙare, shike nan. A Lahaina sai bayan ƙarfe 4 na yamma aka tura saƙon ficewa zuwa wayoyi, alhali wutar da ta fara da safe ta sake tashi tun kusan ƙarfe 3, kuma wayoyi da yawa ba su samu ba.

Ta uku rediyo, kuma ita na fi amincewa da ita. Ku sayi mai amfani da batir da kuma hannun murɗawa, wadda ke kama tashoshin gida da na hukumar yanayi ta NOAA, masu watsa shiri tsakanin mita 162.400 da 162.550. Ana samun mai kyau daga wajen dala 30 zuwa 60. Ku gwada ta a cikin ɗakin kwana tun yau, domin a wasu kwaruruka tsaunuka na tare sigina. Kada ku manta rediyon mota ma rediyo ce.

Ta huɗu jiniya. Ana gwada ta ranar aiki ta farko a kowane wata da ƙarfe 11:45 na safe, na tsawon minti ɗaya. A gwaji mai zuwa ku shiga ɗaki, ku rufe tagogi, ku kunna fanka ko na'urar sanyaya ɗaki, ku saurara. In ba ku ji ba, kun san matsayinku. An yi ta ne don mutanen da ke waje.

Gargaɗi mafi muhimmanci a wannan mataki: kukan jiniya ba ya nufin "ku hau tudu". Ma'anarsa "ku kunna rediyo ku ji". Shugaban hukumar agajin gaggawa ta Maui na lokacin, Herman Andaya, ya ce bai sa a busa ba ne don gudun kada jama'a su zaci igiyar tsunami ce su nufi mauka, wato wajen tsauni, inda wutar take. Ya ajiye aiki washegarin wannan bayani. Ko mutum ya yarda da hujjarsa ko bai yarda ba, darasin ɗaya ne: kowa a gidan, har yara, ya san jiniya ta kowane irin bala'i ce, kuma ya san bambancin mauka da makai, wato wajen teku, don da waɗannan kalmomi ake ba da kwatance a can.

3. Ku ƙulla sarƙar maƙwabta

Nan ne aikin yake, kuma nan mutane suka fi yin kasala domin ba abin saye ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku fara da gida 10 zuwa 15, ba fiye ba. In unguwar babba ce a raba ta layi-layi. A kira zama ɗaya na awa guda, a zo da babbar takarda a zana layin da hannu, kowane gida da akwatinsa. A cikin kowane akwati a rubuta mutum nawa ke kwana a ciki, wa ba ya iya tafiya da kansa, wa ba ya ji sosai, wa ke amfani da na'urar numfashi mai buƙatar lantarki, wa ba shi da mota, wa ke aikin dare yana barcin rana, da kuma yaren da ake ji a gidan. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Lahaina cike take da 'yan asalin Filifin masu jin Ilokano da Tagalog, ga masu jin Sifaniyanci da harsunan sauran tsibiran Fasifik, ga baƙi 'yan yawon buɗe ido a gidajen haya da ba su san ko sunan titin da suke ba.

Sannan a haɗa kowane mai rauni da mutum biyu, da sunansu. Biyu na ce, don ranar da abin zai faru ɗaya na iya kasancewa a wurin aiki a ɗaya gefen tsibirin. Yawancin waɗanda suka rasu a Lahaina sun haura shekara 60. Kalmar "wani zai duba ta" ita ke kashe tsofaffi. A rubuta: wane da wance ne za su ɗauko ta, mabuɗin gidanta na hannun wane, keken guragunta na shiga bayan motar wane. A gwada saka keken a motar tun yanzu, kada sai a cikin hayaƙi a gano ba ya shiga.

A amince da alama ɗaya da ba ta buƙatar lantarki ko sabis. Misali hon ɗin mota dogo sau uku, a dakata, a maimaita. A ƙara da usur da lasifikar hannu guda ɗaya a gidan shugaban layi. A kuma sayi rediyon oba-oba. Ƙananan, irin na FRS, ba sa buƙatar lasisi, ana samun biyu a kan 'yan dalolin da ba su wuce kuɗin rediyon gida ba. Masu ƙarfi, irin na GMRS, suna buƙatar lasisin dala 35 na shekara 10, kuma ya wadatar da iyali guda. A tsayar da tasha ɗaya, a rubuta lambarta a jikin kowace.

Gargaɗi: nisan da ake rubutawa a kwalin oba-oba na fili ne fetal. A cikin gidaje da bishiyoyi yana raguwa ƙwarai. Ku gwada daga wannan ƙarshen layi zuwa wancan. Haka kuma zauren WhatsApp na unguwa yana da amfani kafin wuta, amma kada a lissafa shi cikin abin dogaro.

Da sarƙar ta tsaya da ƙafarta, ku nemi shiga Firewise USA, shirin da ke taimaka wa unguwanni rage haɗarin wutar daji. Ana karɓar unguwa mai gida 8 zuwa sama. Ana so a yi binciken haɗarin wurin, a rubuta tsarin aiki, a kuma yi aikin gayya da ya kai awa ɗaya a kan kowane gida a shekara. Ƙungiyar Hawaii Wildfire Management Organization ce ke taimaka wa unguwanni da wannan a jihar. A nan ne sunayen masu filayen nan za su yi amfani: takarda daga unguwa guda ta fi ƙorafin mutum ɗaya nauyi a wurin mai fili da kuma hukumar kashe gobara. In da hali, mutum biyu ko uku su yi horon CERT, wato horon agajin gaggawa na 'yan sa-kai, kyauta ne, wajen awa 20.

4. Hanyar fita biyu, da wurin fakewa ɗaya

Matsalar tsibiri kenan: sau da yawa titi ɗaya ne ya zagaye gaɓa, dutse a dama teku a hagu. A yammacin Maui babbar hanyar Honoapiilani ce. Ranar gobarar turakun lantarki da wayoyi sun faɗi a kan hanyoyi, motoci suka cushe a titin Front na cikin Lahaina, wuta ta tarar da su a nan.

Ku shiga mota ku bi hanya biyu mabambanta daga ƙofar gida zuwa wajen gari, ɗaya da rana ɗaya da dare. Ku lura da lungun da ba ya ɓullewa, da wurin da motocin da aka ajiye gefe da gefe suka matse titi, da ƙofofin gonaki masu kwaɗo. Duk ƙofar da za ta iya zama mafita, a nemi mai ita a yi magana kan wanda zai riƙe mabuɗi. Sannan ku bi hanya ɗaya da ƙafa, ku duba minti nawa ta ci da yaro a hannu.

Ku kuma zaɓi wurin fakewa kusa, in fita ta gagara: babban filin ajiye motoci mai kwalta, filin wasa da aka aske ciyawarsa, ko ginin kankare da ba bishiya a jikinsa. A ƙarshe ku tsayar da wurin haɗuwar iyali a wajen unguwa, da mutum ɗaya a wani tsibirin ko a babban yankin Amurka da kowa zai tura wa saƙo. Gajeren saƙon rubutu kan wuce a lokacin da kira ya ƙi shiga.

Sau ɗaya a shekara, kafin rani, a yi atisaye. A busa alamar, kowa ya ɗauko wanda aka ɗora masa, a duba agogo.

5. Mita ɗaya da rabi na jikin gida

Yawancin gidaje ba harshen wuta ke cinye su ba, garwashin da iska ke ɗaukowa ne, wanda kan yi tafiyar fiye da kilomita ɗaya ya sauka a kan busasshen ganye. Duk wanda ya ga hotunan Lahaina ya ga gidan nan mai jan rufi a bakin teku, tsaye shi kaɗai cikin toka. Gidan katako ne, tsoho. Masu shi sun sauya rufin zuwa na ƙarfe, sun cire shuke-shuken da ke jikin bango, sun zuba duwatsu kewaye da shi. Akwai rabo a ciki, ba shakka, amma garwashin da ya sauka bai sami abin kamawa ba.

Ku fara daga bango ku yi waje. Ƙafa 5 na farko, wato mita ɗaya da rabi, kada a bar komai mai cin wuta: ba ciyawa, ba itacen girki, ba tabarmar ƙofa, ba kwandon shara, ba tarin kwali a ƙarƙashin baranda. A zuba tsakuwa. A hau tsani a kwashe ganye daga rufi da magudanar ruwansa. Busasshen ganyen kwakwa da na sauran dangin dabino a sare shi, don in ya kama, iska na ɗaukarsa kamar tocila. Duk ramin shan iska na rufi da na ƙarƙashin gida a rufe shi da ragar ƙarfe mai ido milimita 3. Ta roba narkewa take. In shingen katako ya taɓa bango, a sauya ƙarshensa da na ƙarfe, in ba haka ba ya zama lagwani.

Daga nan zuwa mita 9, ciyawa kada ta wuce santimita 10, a datse rassan ƙasa na bishiyoyi, a raba su kada su haɗa kai. Zuwa mita 30 a rage duhuwa. Mafi yawan wannan aiki manjagara da adda da gumi ne, ragar da tsakuwar ne kawai na kuɗi.

Gargaɗi: kusan duk wutar daji a Hawayi ɗan Adam ne sanadinta. Ku yanke ciyawa da inji kafin ƙarfe 10 na safe, kada a yi ranar iska, don ƙarfen inji na bugun dutse ya yi tartsatsi. Kada a ajiye mota a kan busasshiyar ciyawa, zafin salansa ya isa ya tada wuta.

6. Jakar ko-ta-kwana da ajiyar gida

Abu biyu ne daban, kada a gauraya. Jakar ta gudu ce, kowa da tasa, mai nauyin da zai iya ɗauka: magungunan yau da kullum, tabarau, kwafin takardun shaida da na inshora da na gida a leda, tsabar kuɗi, tocila, batirin cajin waya, ruwa, takunkumin N95, takalmi rufaffe, da tufafin auduga masu dogon hannu. Nailan narkewa yake a jiki. Ku zagaya gidan da waya ku ɗauki bidiyon kowane ɗaki, ku adana a intanet saboda inshora.

Ajiyar gida kuwa, hukumar agajin gaggawa ta jihar ta ce a tanadi ta kwana 14, domin mafi yawan abincin tsibiran ta jirgin ruwa yake zuwa. Ruwa galan ɗaya ga kowane mutum a rana, kusan lita 4. Gida mai mutum biyar galan 70 kenan. A saya kaɗan-kaɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

7. Ranar jar tuta

Idan fari da bushewar iska da ƙarfinta suka haɗu, hukumar yanayi kan fitar da gargaɗin jar tuta. An fitar da shi kafin gobarar Lahaina. Da kun ji, ranar ta sauya. A cika tankin mota, a juya ta ta fuskanci titi, a sa jakunkuna a ciki. A caja komai. A shigo da kujerun baranda. Ba gashin nama a waje, ba walda, ba ƙona shara. Masu kula da tsofaffi su leƙa su da safe, kuma wanda fitarsa ke da wuya, gara a kai shi gidan dangi tun kafin a ga hayaƙi.

Gargaɗi: tun Yuli 2024 kamfanin Hawaiian Electric na iya yanke wuta da gangan a yankuna masu haɗari a irin wannan rana. Ƙofar gareji mai lantarki ba za ta buɗu ba. Ku fito da mota tun da wuri, kuma kowane babba ya koyi jan jar igiyar nan da ke sakin ƙofar a ɗaga ta da hannu.

Gargaɗi na biyu: "an kashe wutar" ba ya nufin a kwance damara. Wutar Lahaina ta fara ne da sassafe daga wayoyin lantarki da suka tsinke, 'yan kwana-kwana suka yi awanni a kanta har suka ga ta mutu, suka tafi, sai ta farfaɗo da rana. Muddin iska na kaɗawa, a ci gaba da sa ido.

8. Fita

Kun ga hayaƙi ta inda iska ke zuwa, ko garwashi na sauka a tsakar gida? Ku tafi. Kada ku jira umarni. Fitar da ta zama ba dole ba, asararta ɗan man mota ne. A busa alamar, a ɗauko waɗanda aka ɗora muku, gida ɗaya mota ɗaya, don kowace ƙarin mota ƙarin cunkoso ce. In akwai minti biyu, a rufe tagogi da ƙofofi, a kashe tukunyar gas, a bar fitilu a kunne. A hanya a kunna fitilun mota, a rufe gilasai, a toshe shigar iskar waje. Wayar lantarki da ta faɗi, a ɗauka tana da wuta, a ba ta tazarar mita 9.

Gargaɗi: kada a bar tiyo a buɗe yana zuba, kada kuma a tsaya jiƙa rufi. A Lahaina ƙarfin ruwa ya faɗi har famfunan 'yan kwana-kwana suka ƙafe, yayin da bututun gidajen da suka ƙone ke ta zubar da shi. Tiyon lambu ba ya tare wutar da iska ke korawa.

9. In hanya ta toshe

Ku nufi wurin fakewar da kuka zaɓa, ko da ƙafa ne, tun wuta ba ta iso ba. In ta rutsa ku a mota, ku tsaya nesa da ciyawa da gine-gine, ku kwanta ƙasa da gilashi, ku lulluɓa da bargon ulu ko auduga. Teku mafita ce ta ƙarshe. Wasu sun tsira a cikinta a bayan katangar gaɓa, dakarun tsaron gaɓar Amurka sun tsamo mutum 17, amma sun yi awanni cikin hayaƙi da garwashi da igiyar ruwa da sanyi mai shiga ƙashi. In ya zama dole, a tsaya inda ƙafa ke taɓa ƙasa, a riƙe juna, yara a tsakiya, a riƙa nitsar da kai in garwashi ya sauko.

10. Komawa gida

Sai hukuma ta buɗe shiyyarku. Kada a sha ruwan famfo har a ce ya halatta, kuma tafasawa ba ta gyara shi: bayan gobarar an hana shan ruwa a sassan Lahaina da Kula, wani yanki a kan tsaunin Maui, saboda sinadarai irin su benzin da ke shiga bututu in sun ƙone. Tokar gidaje ma guba ce, an sami arsenik da dalma a cikinta. A sa takunkumi da safar hannu da rufaffen takalmi, a yayyafa mata ruwa kafin a taɓa, kada a share ta a bushe, kuma yara da masu ciki su tsaya nesa. A ɗauki hoton komai kafin a motsa ko cokali, sannan a kira kamfanin inshora.